Kullum da la'asar Mma tana tambayar Baba, in gaya mata ya rasu ko in ce yana kasuwa?

'YarAboabo
Salamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karatu ban taɓa cewa komai ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Mma ɗinmu ta haura shekara 75, shekara 3 kenan da mantuwa ta kama ta. Da farko mun ɗauka tsufa ne kawai, ta ajiye makulli ta manta, ta zuba gishiri sau biyu a miya, har ranar da ta fita sayen kanwa ta kasa gane hanyar gida a unguwar da ta yi shekara 40 a ciki. Ni nake zaune da ita, ni da yarana biyu.

Babanmu ya rasu shekara 6 da suka wuce, amma kullum da an yi la'asar sai ta fara, ina Alhaji, har yanzu bai dawo daga Kejetia (babbar kasuwar nan Kumasi, Gana) ba, ku ɗora masa ruwan wanka. Da ina gaya mata gaskiya, in ce Mma ai Baba Allah ya yi masa rasuwa. Wallahi duk ranar da na faɗa sai ta zube ƙasa tana kuka kamar yanzu aka fita da gawar, ta ce don me aka binne shi ba a gaya mata ba, in ɗauko mata kayan takaba. Gobe kuma ta sake tambaya kamar ba a yi ba. Sau nawa mutum zai kashe wa uwarsa miji? Sai na koma cewa yana kasuwa zai dawo, sai ta yi shiru ta ci abincinta.

Jiya yayana da yake Jamus ya kira ta bidiyo ya ji ina faɗa mata haka, ya ce ƙarya nake wa mahaifiya, haramun ne, kuma ni nake ƙara ruɗa ta. Tun jiya ban runtsa ba. Dan Allah wanda ya taɓa irin wannan jinya ya gaya mini, in ci gaba ko in koma faɗin gaskiya?

MamanTagwaye
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lada. Ki ci gaba da abin da kike yi. Shi yayan naki ya zo ya zauna da ita sati ɗaya ya riƙa faɗa mata da bakinsa, sai mu ji.

ɗan_Sawaba
Allah ya ba Mma lafiya. Amma ni gaskiya ina bayan yayanki, ƙarya ƙarya ce ko da wa aka yi wa. In kika saba mata da cewa yana kasuwa wata rana za ta fita nemansa Kejetia, kin san kuma Kejetia mai hankali ma ɓata yake yi balle ita. Gara a riƙa tuna mata a hankali har ta saba.

SistaNas_Tafo
ɗan_Sawaba maganar Kejetia da ka kawo gaskiya ce, zan dawo kanta, amma "har ta saba" ɗin nan shi ne ba zai taɓa yiwuwa ba. Sabo sai da ajiya, ita kuwa wurin ajiyar sabon labari a ƙwaƙwalwarta shi ne ya lalace. Tsohon labari yana nan daram, shi ya sa take tuna lokacin da Alhaji yake dawowa daga kasuwa da ruwan wankansa, amma abin da aka gaya mata jiya babu shi. Duk ranar da aka ce mata ya rasu, a wurinta ranar ce ta fara ji.

Kuma jama'a mu daina cewa gigin tsufa ne kawai. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, likitoci suna ce mata dimenshiya, tsofaffi da yawa suna kai 90 da hankalinsu garau. Iri-iri ce. Wadda ta fi yawa ita ce Alzaima, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100, sunan wani likita Bajamushe ne, Alois Alzheimer, da ya fara bayaninta a 1906. Akwai kuma wadda hawan jini da suga da shanyewar ɓarin jiki suke kawowa, ƙananan jijiyoyin jini su riƙa toshewa a ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, ita ce nake yawan zargi in na ga tsofaffinmu da suka yi shekaru da hawan jini ba sa shan magani sai kai ya yi ciwo. Fiye da mutum miliyan 55 ne suke da ita a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke, ba cutar Turawa ba ce.

Rikicewar la'asar ɗin ma sananniya ce, da rana ta karkata haske ya ragu gajiya ta taru sai su tashi, wani ya ce zai tafi gida alhali yana gidansa. 'YarAboabo an taɓa kai ta asibiti kan wannan kuwa?

'YarAboabo
Sista na gode. Sau ɗaya muka je wani asibiti, likitan ko kallonta bai yi sosai ba ya ce tsufa ne mu je mu yi haƙuri, ya rubuta maganin hawan jini. Daga nan sai ruƙiya da rubutu muka koma.

MalaminAlabar
Bismillah. 'Yata Allah ya yi miki albarka. Yayanki bai yi kuskure ba da ya ji tsoron ƙarya, amma akwai abin da malamai suke kira tauriya, wato ki faɗi magana da gaskiya ce a kanta, mai ji ya fahimci abin da zai kwantar masa da hankali. In ta ce ina Alhaji, ki ce Mma ba ya nan, ya yi tafiya. Ai ya yi tafiyar. In ta ce yaushe zai dawo ki ce za mu same shi in sha Allah. Kin ga ba ki ce yana Kejetia ba, ba ki kuma jefa ta cikin sabon makoki ba. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko "uf" a Suratul Isra'i, aya ta 23, to ina ga sa uwa kuka kullum da magariba.

Wannan hali kuwa Alƙur'ani ya ambace shi, a Suratun Nahli aya ta 70, cewa a cikinmu akwai wanda ake mayar da shi mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Annabi SAW yana neman tsari daga kai wa nan. Ba sammu ba ne, ba kuma wani ne ya yi mata baki ba.

ɗan_Sawaba
Allah gafarta Malam na karɓa, in dai tauriya ce ba ni da ja. Abin da nake gudu shi ne a ambaci wuri.

Bintu_Asawase
Malam a yi mini afuwa, tauriya tana aiki ne in tsohuwar ba mai bin diddigi ba ce. Kakata ko lauya sai haka. Ka ce ya yi tafiya ta ce ina, ka ce nesa ta ce da wace mota, wa ya raka shi tasha, ya bar kuɗin cefane? Sai ka tsinci kanka ka yi ƙarya biyar maimakon ɗaya. Mu abin da ya yi mana aiki shi ne mu ƙi amsa tambayar gaba ɗaya, mu shiga cikin labarin. In ta ce ina Malam sai in ce Kaka kin yi kewarsa ne, wai ya aka yi kuka haɗu? Sai ta ɗauko labarin Salaga da yadda ya zo fataucin goro ya gan ta a bakin rijiya, labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari, kafin ta gama an kira magariba ta manta da tambayar.

MamanTagwaye
Hhhh Bintu kakarki ta burge ni, ya bar kuɗin cefane 😂 Allah ya jiƙanta in ta rasu, in tana nan Allah ya ƙara sauƙi.

Bintu_Asawase
Ta rasu bara da azumi. Amin na gode.

MaiPragya_Kumasi
Ku bari in ba ku abin da na gani da idona don maganar fita ba wasa ba ce. Wata asuba na fito aiki wajen ƙarfe 5, ta wajen Anloga Junction na ga taro, na tsaya. Tsohuwa ce zaune a bakin kwata da zane ɗaya ba ɗankwali, ƙafarta duk jini, mutane sun zagaye ta ana ta ihu da yaren Twi wai mayya ce ta faɗo daga sama tana dawowa daga yawon dare, wasu na ɗaukar bidiyo, wani har ya ɗauko sanda. Ana tambayarta daga ina kike tana ba da amsa da ba ta haɗu ba, su kuma suna cewa ka ji ta fara tona kanta. Da na matsa sai na ji tana karanta Ƙulhuwallahu a hankali. Na yi mata Hausa, Hajiya ina kwana, wallahi sai ta kama hannuna ta kira ni da sunan wani, ina jin ɗanta ne. Na ce wa mutanen uwata ce na sa ta a pragya, babur ɗina mai ƙafa uku, na gudu da ita masallacin unguwarmu, aka yi cigiya a lasifika da rediyo, sai bayan azahar 'ya'yanta suka zo, ashe tun 2 na dare ta buɗe ƙofa. Ni ma ƙarya na yi ranar, ba uwata ba ce, Malam sai a gaya mini hukuncina.

MalaminAlabar
Hukuncinka lada, Allah ya saka maka da aljanna. Ceton rai ba a tsayawa neman tauriya.

Ummu_Nima
Daga Accra nake bin ku. Labarin mai pragya ya sa jikina ya yi sanyi don ba kowace tsohuwa ke samun mai cetonta ba. A 2010 a Tema an ƙona wata tsohuwa 'yar shekara 72 da sunan maita, ɗanta ya fito ya ce mantuwar tsufa ce take damunta. A watan Yulin 2020 kuma a Kafaba can yankin Gonja aka kashe wata 'yar shekara 90 da duka rana tsaka mutane na kallo, kowa ya ga bidiyon. Har yau akwai tsofaffin mata a sansanin Gambaga da Kukuo da Gnani da aka koro daga garuruwansu. Majalisar Gana ta zartar da dokar hana zargin maita a 2023 amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Kar mu ce mu 'yan Zango ba ruwanmu, mu ma in tsohuwa ta fara magana ita kaɗai ko tana kiran sunan matattu ai mun san abin da makwabta suke raɗawa.

'YarAboabo
Ummu_Nima kin taɓo inda yake mini ciwo. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da iyali shida. Wata mata ta hana ɗanta karɓar komai daga hannun Mma, alhali yaran gidan nan duk da waakye ɗinta (shinkafa da wake) suka girma, shekara kusan 30 tana sayarwa, wanda ba shi da kuɗi ta zuba masa. Yanzu in ta miƙa wa yaro biskit sai uwar ta fizge shi. Mma ba ta gane ba, dariya take yi, ni ce nake shiga ɗaki in yi kuka.

Fita kuwa ta yi sau biyu. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne 3 na dare take tashi wai za ta ɗora waakye kar masu saye su zo ba ta gama ba. Rannan na farka na ji warin gas, na tarar da ita a kicin ta zuba karan dafi a tukunya ba ruwa ba wake ta murɗa silinda tana neman ashana.

Injiniya_Yalwa
Innalillahi. Anti daga yau ki riƙa cire regileta daga kan silinda kowane dare ki ɓoye, ashana ma haka. Ƙofa kuma a sa mata sakata can sama inda hannunta ba ya kaiwa ko ƙasa sosai, don idonsu ya fi zuwa inda suka saba gani. Mu mun rataya 'yar ƙararrawa a ƙofar Babanmu, da ya taɓa sai ta yi ƙara. Kar ki kulle da kwaɗo daga waje ki tafi, in wuta ta tashi fa. Sannan tela ya ɗinka lambar wayarki a cikin rigunanta da bakin mayafi, takarda a aljihu yar da ita suke yi. Ki ɗauke ta hoto sabo ki ajiye a waya, ki gaya wa mai koko da mai shago da ladanin masallacinku cewa duk wanda ya gan ta ita kaɗai ya riƙe ta da hira ya kira ki. Ɓoye ciwon shi yake sa a ce maita.

Hajiya_Babba
'Yata ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Hannun da ya yi shekara 30 yana aiki ba ya yarda ya zauna. Ki ba ta wake a faranti da rana ta tsince, ki ba ta albasa ta ɓare, ki ce Hajiya ɗanɗana mini ki ji ko gishiri ya yi. In ta gaji da rana za ta yi barci da dare. Ku yaran yanzu sai ku zaunar da mutum gaban talabijin kamar kaya ku ce kuna hutar da shi.

BaƙonHamburg
Ni ina waje shekara 11 kuma mahaifina yana da wannan lalura a Kumasi, bari in ɗan kare mu. Ba wai ba mu damu ba ne. Kullum sai ka ji laifi yana cin ka, minti 10 kake gani a bidiyo, a minti 10 ɗin tsoho ya yi fes ya gaishe ka lafiya lau, sai ka ɗauka na gida ne suke ƙara gishiri. Ni ma na yi wa ƙanwata irin faɗan da yayanki ya yi miki. Sai da na zo hutu na kwana ɗaki ɗaya da shi sati 3, ranar farko ya kira ni ɓarawo ya ce in fita masa daga gida. Gani ya kori ji. Ki yi masa uzuri amma kar ki bar shi ya yi miki mulki daga nesa.

MamanTagwaye
BaƙonHamburg ka yi adalci da ka faɗi haka. Amma a gaya wa sauran, MoMo, kuɗin da ake turowa ta waya, ba ta wanke kashi, ba ta tashi 3 na dare. Wanda ya turo sidi 500 sai ya ji kamar ya sauke farali, famfas ɗin manya kaɗai ya cinye su. Kuma me ya sa kullum 'ya mace ce ko matar ɗa? Maza huɗu a gida amma jinya sai a ce ai mace ta fi iyawa.

ɗan_Sawaba
To ai uwa ce, namiji zai yi mata wanka ne? A riƙa adalci.

MamanTagwaye
Ba wanda ya ce ka yi mata wanka. Ka zo ka zauna da ita ranar Asabar daga safe zuwa la'asar ƙanwarka ta je ta yi barci ko ta je suna kamar kowa, wannan ma sai mace?

Amaryar_MoshieZongo
Tunda an zo kan matar ɗa bari in fitar da nawa. Uwar mijina ta yi shekara 2 tana cewa ina sace mata kuɗi, a gaban baƙi, a gaban dangina. Mijina da farko ya yarda da ita har muka kai ga yaji. Ranar da muka ɗaga katifarta za mu shanya muka samu kuɗi a ƙulle cikin tsumma kashi-kashi, har da tsofaffin takardun sidi na kafin canjin 2007 da ba sa aiki, da busasshen nama da makullin da aka yi wata 4 ana nema. Ita take ɓoyewa don tsoron ɓarawo, ta manta, sai ta ce an sace, kuma wanda ya fi kusa da ita shi ne ɓarawon. Da na daina rantsuwa ina kare kaina na koma cewa Hajiya taso mu nema tare, sai faɗan ya ragu. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da na tsane ta, in shiga banɗaki in yi ta istigfari. Wanda bai yi ba ba zai gane ba.

Bintu_Asawase
Amarya ba ke kaɗai ba ce wallahi. Na taɓa daka wa Kaka tsawa kan ta tofar da magani, har yau in na tuna sai na ji kunya, ita kuwa bayan minti 5 ta manta tana shafa kaina.

SistaNas_Tafo
Na dawo, ina dutin dare ne. 'YarAboabo ki sake kai ta, wannan karon ki nemi ɓangaren ƙwaƙwalwa, asibitin Komfo Anokye da muke ce wa Gee suna da shi, a Accra akwai Korle Bu da Pantang da asibitin ƙwaƙwalwa na Accra. Na san mutanenmu da sun ji haka sai su ce uwata ba mahaukaciya ba ce, to ba wanda ya ce haka, can ne masu sanin abin suke. Dalilin zuwa shi ne akwai abubuwan da suke kama da dimenshiya amma suna warkewa, ƙarancin bitamin B12, matsalar tayirod, ciwon damuwa, ko wani magani da take sha. A duba jini, a duba suga da hawan jini. In Alzaima ce babu maganin da yake warkar da ita, kar wani mai maganin gargajiya a mota da lasifika ya cinye miki kuɗi. Akwai irin su donepezil da memantine da suke ɗan rage alamun ga wasu na wani lokaci, likita ne zai ga ko ya dace da ita.

Abu biyu ku riƙe dukkanku. In tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana 1 ko 2 fiye da yadda ya saba, yana barci da yawa ko yana fizge-fizge, kar a ce cutar ce ta ƙaru, sau da yawa ciwon fitsari ne ko maleriya ko rashin shan ruwa ko ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, a kai shi asibiti ranar. Na biyu kar ku je kemis ku sayo maganin barci irin su baliyam ku ba su don ku huta, yana ƙara ruɗa su, su tashi cikin maye su faɗi ƙugu ya karye, daga nan kuma sai kwanciya.

Katin inshorar lafiya kuma wanda ya kai 70 ba ya biyan kuɗin shekara irin na sauran manya, ki duba nata bai mutu ba, ana sabuntawa ta waya da *929#.

Ruƙiya ba ta hana asibiti, a haɗa.

Zabarma_boy
Wani abu da ban ga an faɗa ba. Kakana daga Dosso ya zo tun yana saurayi, shekara 60 a Kumasi, Hausa da Twi kamar ruwa. Da ciwon ya yi nisa sai duk suka zube ya koma Zabarmanci zalla, mu kuwa jikoki ba mu iya ba sai gaisuwa. Yana magana muna kallonsa, ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Sai Babana ya samo wani tsoho Bazabarme a masallaci yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko, su zauna su yi ta yi suna dariya, ranar kaɗai yake cinye tuwonsa. In Mma tana da wani yare na ƙuruciya ku fara neman mai jin sa tun yanzu.

'YarAboabo
Ikon Allah, kwanan nan tana jefa Dagbanci a magana, uwarta 'yar Yendi ce, ban kawo komai a raina ba. Malam ina da tambaya kuma, sallah fa? Wani lokaci sai ta yi la'asar sau uku, wani lokaci ta yi raka'a 2 ta sallame ta kama hira, alwala ma sai na tsaya a kanta. Amma Yasin da Tabaraka ba ta kuskure ko harafi, ni da ba ta tuna sunana wani lokacin. Azumin bana kuma mun hana ta ta yi ta kuka.

MalaminAlabar
Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. In ta kai ba ta rarrabe lokaci da adadin raka'a, sallah ta faɗi a kanta, azumi ma haka, kuma ba ciyarwa a kanku, ciyarwa ta tsohon da hankalinsa yake nan ne ƙarfi ya gaza. Lokutan da ta dawo hayyacinta sai ta yi. In ta tashi yin la'asar sau uku ki shimfiɗa mata darduma ki bar ta, kar ki ce Mma kin riga kin yi. Azumi kuma ku tashe ta sahur tare da ku in tana so, da hantsi ki kawo koko ki ajiye kusa da ita ba tare da dogon bayani ba. Karatun nan da ya zauna mata ki riƙa kunna mata shi da la'asar ɗin, ko ku karanta tare.

Abu_Fadama
Malam da girmamawa, ni ban gamsu da maganar ya yi tafiya ba. Niyyar ai a sa ta fahimci yana raye ne. Kuma tana da haƙƙin ta yi wa mijinta addu'a a matsayin mamaci. Ni mahaifina duk lokacin da ya tambayi Innarmu na gaya masa ta rasu, ya yi shiru ya ce Allah ya jiƙanta, shi kenan. Ba kowa ne yake zubewa ba.

SistaNas_Tafo
Abu_Fadama naka ya ɗauka da sauƙi shi ya sa gaskiya ta yi muku aiki, kuma daidai ka yi. Nata zubewa take yi har da neman kayan takaba. Ko mutum ɗaya ma yau da gobe ba ɗaya ba ne.

'YarAboabo
Salam, kwana 5 ban leƙo ba, na gode muku duka Allah ya bar zumunci. Na cire regileta, an sa sakata, Hajiya_Babba a gaya mata wake ya yi aiki, Mma ta tsince mudu guda tana yi mini faɗa wai na sayo mai ƙwari. Na bi ta hanyar Bintu, in ta tambaya sai in ce Mma me za ki dafa masa, sai ta shiga lissafin tuwo da miyar ayoyo da yadda ba ya son yaji. Kwana 3 lafiya lau.

Shekaranjiya kuma bayan magariba muna zaune ta kalle ni sosai, irin kallonta na da, ta kira ni da sunana ta ce ke, gaya mini tsakaninki da Allah, Alhaji ya mutu ko? Duk dabarar da kuka koya mini ta gudu. Na ce e Mma, ya rasu, shekara 6. Na riƙe ta ina jiran ta zube. Sai ta ce ai na sani, so nake in ji ko ke ma za ki ɓoye mini. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a muka shafa. Ban san ko tun da can akwai wani ɓangare nata da ya san ina kauce mata ba, abin ya tsaya mini a rai.

Jiya da la'asar ta ce a ɗora wa Alhaji ruwan wanka. Na ɗora.

Abu_Fadama
Kin gani ko. Allah ya jiƙan Alhaji.

MamanTagwaye
Abu_Fadama ka karanta layin ƙarshe kuwa? 'YarAboabo yayan naki fa, kun yi magana?

'YarAboabo
Na tura masa abin da BaƙonHamburg ya rubuta, ya karanta bai ce komai ba, da safe dai na ga MoMo ta shigo. Ya ce zai zo Disamba. Sista ranar Talata za mu je Gee in sha Allah, da sassafe ake zuwa ko sai an yi bukin? Kuma me zan ce mata, don in ta ji asibiti ba za ta shiga mota ba.

SistaNas_Tafo
Ki fara zuwa asibitin da kuka saba su ba ki takardar turawa, ki tafi da duk magungunan da take sha a leda har na gargajiya, ki rubuta abubuwan da take yi a takarda ki miƙa wa likita don kar ki faɗa a gabanta ta ji kunya. Ki sa mata koko a fulas da zane na canji, layi yana da tsawo. Abin da za ki ce mata kuwa, ce mata za a duba hawan jini, ai za a duba ɗin.

MaiPragya_Kumasi
Anti in ba ku da mota ki yi mini magana ta inbos, Talata ina Aboabo da safe.